In shiga kotu da kaina ko in ɗauki lauya? Amsa ga mai neman a raba aurenta

Wata baiwar Allah daga nan cikin Kano ta aiko min da tambaya. Shekararta tara da aure, 'ya'yansu uku, babban namiji ne ɗan shekara takwas, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Kusan shekara guda ke nan maigidan ya daina ajiye kuɗin cefane, in ta yi magana kuma sai duka. Wata huɗu da suka wuce ta yi yaji, tana gidan iyayenta. An yi zama sau biyu, ya kafe a kan ba zai sake ta ba sai ta biya shi sadakinsa naira dubu 50 da lefe da duk abin da ya kashe a biki. Kawunta ya ce kotun Musulunci ba ta buƙatar lauya, ta je ta faɗi abin da ke bakinta kawai. Ƙawarta kuma ta ce in ta shiga ba lauya cinye ta za a yi. Kuɗin hannunta kaɗan ne, tana so ta san wanne za ta bi.

Ƙanwata, Allah ya kawo miki mafita, ya raya miki zuri'a. Aikina ke nan, aikin lauya, a kotunan shari'a nake yini, kuma zan gaya miki abin da zan gaya wa wadda muka fito ciki ɗaya.

Kawu bai yi ƙarya ba. Kotun shari'ar Musulunci an gina ta ne don talaka ya tsaya gaban alƙali ya yi magana da bakinsa. Da Hausa ake yi, ba a neman ki rubuto doguwar takarda. Za ki je wurin rijistara ki faɗi ƙorafinki, ki biya kuɗin buɗe ƙara a ba ki rasit, a kai wa mijin sammaci, a sa rana. Alƙali shi ke yin tambayoyi, shi ke neman sulhu tun da fari. Mata da yawa sun shiga haka su kaɗai sun fito da takardarsu. In miji ya riga ya furta saki, bai musa ba, takardar shaida kawai ake so. Ko kuwa an daidaita a gida kan abin da za a mayar masa, ana son alƙali ya tabbatar, to ɗaukar lauya a nan asarar kuɗi ce. Idan irin waɗannan suka zo ofishina nakan ce su riƙe kuɗinsu su sayi abinci wa yara.

Sai dai taki ba irin wannan ba ce. Mijinki yana jayayya, akwai duka da za a tabbatar, akwai 'ya'ya uku, akwai kuɗin da yake nema. Kuma abin da kawu bai gaya miki ba shi ne, a kotun nan maganar farko da ta fito daga bakinki ita ce da'awarki, a kanta za a gina shari'ar gaba ɗaya. Mace mai neman rabuwa tana da ƙofa fiye da ɗaya, kuma kowace ƙofa da inda take fitar da mutum.

Akwai hul'i, wato mace ta fanshi kanta. Asalinsa yana cikin Suratul Baƙara aya ta 229, da hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. Wannan ƙofar macen da ta ƙi zaman ce alhali mijin bai cuce ta ba. Ba a neman ta kawo shaida, shi ya sa ya fi sauri, amma ita za ta biya. Sakin da ke fitowa daga hul'i guda ɗaya ne yankakke, ba shi da ikon mayar da ita sai da sabon ɗaurin aure da yardarta.

Akwai ƙarar rashin ciyarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, alƙali zai umarci miji ya ciyar ko ya saki. In ya ce ba shi da hali a ɗiba masa lokaci, in ya kasa alƙali ya sake ta a madadinsa. Ba ta biyan ko kwabo. Amma ga inda mutane ba su sani ba: wannan sakin na kome ne. In ya samu abin ciyarwa kafin iddarki ta cika yana da damar mayar da ke. Macen da babban abin da ya kore ta duka ne, in ta tsaya a kan rashin ciyarwa kaɗai, tana iya cin shari'a yau, bayan wata biyu ta ga an zo da buhun shinkafa ana cewa ta tattara ta koma.

Sai ƙarar cutarwa. Duka, zagin iyaye, ƙaurace wa shimfiɗa ba dalili, duk suna ciki. In cutarwa ta tabbata, alƙali yana raba auren ko miji ya ƙi, sakin yankakke ne, kuma ba ta mayar da sadaki balle lefe. Har ma Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta faɗa ƙarara cewa in mace ta fanshi kanta saboda cutar da ake yi mata, za a dawo mata da abin da ta bayar, rabuwar kuma ta tabbata. Wannan ce ƙofarki, ƙanwata, in har abin da kika rubuto haka yake. Ita ce kuma mafi wuyar buɗewa, don sai da hujja.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, ina zaune a benci ina jiran a kira tawa shari'ar. Aka kira wata yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da goyo a bayanta, gefen idonta na hagu da tabon da bai gama warkewa ba. Alƙali ya ce, "Me kike nema?" Ta share hawaye da gefen hijabi ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya shi." Alƙalami ya rubuta. Da aka juya kan mijin sai ya gyara tsayuwa ya ce ai shi yana son matarsa, amma tunda ita ta ce za ta biya, ga lissafinsa. Ya zaro takarda daga aljihu, har kuɗin ɗinkin anko yana ciki. Daga wannan jumla guda shari'arta ta zama ta ciniki: nawa za a rage, yaushe za a biya. Maganar tabon nan ba ta sake tasowa yadda ya kamata ba. Na bi ta waje bayan an ɗage zama na tambaye ta me ya sa ba ta faɗi dukan ba. Ta ce ta ɗauka kowa yana gani a fuskarta, kuma kunya take ji ta tona asirin uban 'ya'yanta a gaban mutane. Har yau in na tuna ta raina yana ɓaci, don minti goma na bayani kafin ta shiga da ya ishe ta.

Saboda haka tambayarki ta gaskiya ba ta tsaya kan lauya ko babu lauya ba. Tambayar ita ce, me za ki iya tabbatarwa, kuma wa zai taya ki tsara shi. Ƙa'idar kotun ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In kika ce ya doke ki ya ce ƙarya ne, ke za a ce ki kawo shaidu. Kuma ba kowa ne shaida ba. Mahaifinki da mahaifiyarki ba a karɓar shaidarsu in don goyon bayanki ce, saboda tuhumar son kai. Wanda ke da gaba da mijin, za a soke shi. A irin wannan shari'a maza biyu adalai ake nema. Mata da yawa a nan suke faɗuwa: su zo da uwa da ƙanwa, waɗanda su ne suka ga komai, a ce ba su isa ba.

Malamanmu sun san duka a ɗaki ake yin sa, bayan an rufe ƙofa, shi ya sa suka buɗe wata hanya. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, littafin da ba ka rasa shi a teburin alƙali, ta ce cutarwa tana tabbata da shaidun gani, ko kuma da labarin da ya bazu a tsakanin mutane. Wato maƙwabcin da bai ga marin ba, amma ya ce ya daɗe yana ji daga bakin mutanen kirki da sauran jama'ar unguwa cewa wane yana dukan matarsa, shaidarsa tana da wurin zama. Mai unguwar da aka taɓa kai wa ƙara, limamin da ya taɓa yin sulhu, mai shagon bakin layi da ya ga kin fito da gudu ba mayafi, waɗannan su ne mutanenki. Katin asibiti, hoton rauni mai kwanan wata, saƙon waya da ya turo yana ba da haƙuri ko yana barazana, duk suna ƙarfafa magana. In kuma hujja ta gagara, ƙorafi ya yi ta maimaituwa, alƙali yana iya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce. A Malikiyya waɗannan biyun ba 'yan rakiya ba ne: in suka ga zaman ba zai yiwu ba suna da ikon raba auren, da biya ko ba biya, gwargwadon wanda suka samu da laifi. Wanda bai san da wannan ba ba zai roƙi kotu ta yi ba.

Ki kuma shirya wa abin da zai jefo miki. Wata huɗun nan da kike gida, cewa zai yi kin fita ba izininsa, ke ce mai bijirewa, don haka ciyarwa ta faɗi daga kansa. Amsar wannan ita ce dalilin fitar, wato dukan dai, kin ga komai ya sake komawa kan shaida. Bashin cefanen shekara guda kuwa, kada ki sa rai da yawa. In miji yana gari kuna gida ɗaya, ya rantse yana ciyarwa, maganarsa ake ɗauka sai in kin kawo abin da ya rushe ta. In kuma ya tabbatar da cewa a lokacin ba shi da shi, ba ya zama bashi a kansa.

Maganar 'ya'ya ita ce ta fi sa ni cewa ki nemi mai taya ki. A al'ada uba kan kwashe yara da zarar an yaye su, har mutane sun ɗauka haka shari'a ta ce. Ba haka ba ne. A Malikiyya riƙon yaro na uwa ne har ya balaga, yarinya kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wani bare, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye wurin uba. Kakar yara ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro ɓangaren uba. Ci da sha da sutura da magani duk suna kan uban, ko a hannun wa yaran suke. Ƙaramar da ke nono, in sakin yankakke ne, kina da haƙƙin ladan shayarwa. Amma duk wannan sai kin nema, kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba. Kuma ga tarkon da nake so ki kiyaye: ya halatta a yi hul'i a kan mace ta sauke haƙƙinta na riƙon 'ya'ya. Sau da yawa miji zai ce, "To na yafe kuɗin, ta bar min 'ya'yana." Mace ta gaji, tana son ta huta, ta ce ta yarda. In aka rubuta wannan, warware shi aiki ne ja. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan wata takardar sulhu, a gida ko a ofis, sai wanda ya sani ya karanta miki ita.

Kayan ɗaki kuwa hukuncinsu a fili yake. Abin da iyayenki suka kai naki ne. In aka yi jayayya babu shaida, abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta, na maza a ba namiji da tasa. In kina da rasit na gado ko firji ko keken ɗinki, ki adana. Batun lefe da kuɗin biki shi ne inda ake ja-in-ja a shari'ar hul'i, kuma a aikace alƙalai kan sa baki in miji ya tsawwala don ya ƙuntata. In cutarwa ta tabbata, zancen ma bai taso ba.

To me lauya zai yi miki a cikin duk wannan? Zai tsara da'awar tun farko ta fito da cutarwa da ciyarwa da riƙon yara a tare. Zai tace shaidunki kafin ranar zama, ya san wanda za a soke. Zai yi wa shaidun mijin tambayoyi. Zai lura ko an rubuta abin da kika faɗa, don kotun sama takarda take karantawa, ba ta ganin hawaye. Zai kuma kula da i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. In aka tsallake ta, ana iya rushe hukuncin a sama a ce a sake shari'a daga farko, ke da kika ci ki koma gidan jiya.

Abin da ba zai yi miki ba shi ma ki sani. Ba zai ƙirƙiro miki shaida ba. Ba zai yi rantsuwa a madadinki ba, in ta hau kanki ke za ki yi alwala ki dafa Alƙur'ani. Kuma zan faɗi gaskiya a kan sana'ata: lauyan da bai dace ba ya fi rashin lauya illa. Akwai wanda ya ƙware a shari'ar filaye da kamfanoni a babbar kotu, bai taɓa buɗe Tuhfa ba, ya zo yana kawo ƙa'idojin da ba su da gurbi a nan. Akwai mai yawan neman a ɗage zama saboda yana da wata shari'ar a wani wuri, ke kuwa kowane ɗagewa wata guda ne na zama ba aure ba saki. Wani lokaci ma ganin lauya kan sa miji ya ƙara taurin kai, shi ma ya ɗauko nasa, abin da zai ƙare a zama uku ya kai shekara. Don haka in za ki ɗauka, ki tambaye shi kai tsaye shari'ar aure nawa ya yi a kotun Musulunci, ki tambaye shi bambancin hul'i da sakin cutarwa ki ji ko zai yi miki bayanin da za ki gane. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna koyar da shari'ar Musulunci a tsangayar lauyoyinsu, masu wannan ilimi ba su yi ƙaranci ba a Kano. Ku yi maganar kuɗi a rubuce: na shari'ar gaba ɗaya ne ko na kowane zama, kuɗin mota yana ciki ko daban. Masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, a kawo wani abu su gyara magana, ki yi nesa da su.

Tunda kuɗinki kaɗan ne, akwai hanyar tsakiya da nake yawan ba mata shawara a kai. Ki biya kuɗin zama ɗaya da lauya, ku baje komai, ya tsara miki abin da za ki faɗa da waɗanda za ki kira, sannan ki shiga da kanki tare da waliyyinki. In mijin ya amsa laifinsa a gaban alƙali, wanda yakan faru fiye da yadda ake zato, kin huta. In ya musa ko ya zo da lauya, sai naki ya shigo. Akwai kuma inda ba a biya: ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano kuma irin wannan aikin take yi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana ba marasa hali shawara. Hukumar Hisba tana sulhu, kuma zaman da aka yi a can yana iya zama miki madogara daga baya, amma ba kotu ba ce. In miji ya ƙi saki, alƙali ne kaɗai zai raba.

Wuri biyu ne ba na ba kowa shawarar ya je shi kaɗai. Na farko ɗaukaka ƙara. In hukunci bai yi miki daɗi ba, ko shi ya ɗaukaka, ana tafiya Babbar Kotun Shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure da saki da riƙon yara. A can ba a sake jin labari, kuskuren da ke cikin kwafin shari'a ake nunawa da nassin littafi, kuma wa'adin shigarwa gajere ne, galibi kwana 30. Na biyu, ga masu karatu da aurensu na rajista ne, wanda aka ɗaura a ofishin rajistar aure ko a cocin da ke da lasisi: wannan babbar kotun jiha ce kaɗai ke raba shi, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Takardu ne da Turanci masu tsari na musamman, sai an nuna auren ya lalace ba gyara ta ɗaya daga dalilan da dokar ta lissafa, ba a shigar da ƙara kafin aure ya shekara biyu sai da izinin kotu ko a wasu keɓaɓɓun dalilai, kuma hukuncin farko sai ya yi wata uku kafin ya zama na ƙarshe. Wanda ya yi sabon aure kafin nan ya jawo wa kansa wata shari'ar.

A taki shari'ar, ƙanwata, ra'ayina shi ne kada ki buɗe ƙara sai kin zauna da lauya ko da sau ɗaya, kuma in da hali ya tsaya miki har ƙarshe, saboda yaran nan uku da kuma shaidar duka. Kafin ki je wurinsa, ki samu littafi ki rubuta abin da kika tuna da kwanan wata: yaushe ya daina cefane, yaushe ya doke ki, wa ya shigo ya raba, wane asibiti ko kemis kika je, su wa suka halarci zaman nan biyu da abin da ya faɗa a gabansu. In a wurin zaman ya amsa cewa ya taɓa dukanki, ko da cewa ya yi "ai sau biyu ne kawai", mazan da suka ji shi shaidu ne a kan iƙirarinsa, ki rubuta sunayensu. Ki roƙi Baba ko kawu su je wurin mai unguwarku da maƙwabtan gidan tun yanzu su ji wa zai yarda ya zo kotu, don mutane kan yi alkawari a zaure su noƙe ranar zama. Takardun haihuwar yara da na makarantarsu su kasance a hannunki. In ya aiko a ba shi yaran su kwana biyu kafin a shiga kotu, ki ce ya zo ya gan su a gidanku, a gaban Baba.